Maigidan da Ya Kasa Hana Baƙo Sassaƙe

Akwai wani maigida a wani ƙauye na gindin dutse, a ƙofar gidansa kuwa da wani tsohon maɗaci. A ƙarƙashinsa kakannin garin suka fara sauke kaya sa'ad da suka sauko daga kan dutse. Nan ake raɗa wa jariri suna, nan ake sulhunta masu faɗa. Gidan mutumin nan ne ke lura da itacen tun kaka da kakanni.

Suna da ƙa'ida a kan sassaƙensa, wato ɓawon da ake jiƙawa a sha don ciwon ciki. Gefe ɗaya ake sara, a shafe wurin da laka, a bar shi ya warke kafin a sake taɓa shi.

Da hanyar mota ta iso, labarin itacen ya kai birane. Matafiya suka yi ta zuwa, suna ɗaukar hoto, suna kama hannun juna su ga ko za su iya zagaye shi. A ƙauyen nan kuwa abin kunya ne baƙo ya tafi hannu wofi. Duk wanda zai tafi sai ya ce, "Baba, ɗan sassaƙe kaɗan, na tsaraba." Maigidan sai ya ɗauko gizago. Shi dai bakinsa bai iya a'a ba muddin baƙo na kallonsa.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka riƙa ba su gyaɗa mana. Itacen nan ba ya samun hutu."

Ya ce, "Mutum ya taso tun daga nesa, in hana shi ɗan ɓawo?"

Gefen gabas ya ƙare, maigidan ya koma kudu, ya bi da yamma. A ƙarshe sauran ɓawo mai faɗin tafin hannu, shi kaɗai ya haɗa saiwa da rassa.

Ran nan wata baƙuwa ta zo, mace mai ladabi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yaba itacen ƙwarai, sa'an nan ta roƙi kaɗan. Ya dubi abin da ya rage, ya kuwa san abin da zai biyo baya. Ya dubi baƙuwar, kunya ta kama shi, ya sara.

Itacen bai nuna kome nan da nan ba. Amma a hankali ganyensa ya zube, da damina ta zagayo kowane itace ya yi toho ban da shi.

To, ga ma'anar misalin. Maɗacin shi ne abin da Allah ya danƙa wa kowane gari amana: kurminsa, rafinsa, tsohon gininsa, al'adunsa. Maigidan mu ne, sa'ad da muke jin kunyar mutum fiye da tsoron Allah, mu bayar da abin da aka ba mu ajiya, muna kiransa karamci. Matafiyan ma mu ne. Ba wanda ya je da mugunta a cikinsu, kowa kaɗan ya roƙa. In kun je garin wasu, 'yan'uwa, ku tambayi ƙa'idar wurin, ku ci abin da aka ba ku, ku kalla ku gode wa Mahalicci. Kada ku roƙi abin da mai masauki zai ji nauyin hana ku.

Baƙuwar nan ta koma gida da murna. Takan ba 'ya'yanta labarin itacen, ta yi musu alkawari in sun ƙara girma za ta kai su su gani. Har yanzu ba wanda ya gaya mata.