Dila da Randa Mai Gumi

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya farka!

Ta zo mu ji ta.

A Tungar Gawo, in bazara ta kama, ko ƙadangare ɗaga ƙafa yake don zafin ƙasa. Ranar kasuwa duk wanda ya sayar da albasarsa sai ya nufi gindin tsamiya, wurin Bushiya mai ruwan sanyi. Randarta tsohuwa ce, tana binne cikin jiƙaƙƙen yashi, ruwanta har haƙori yake kamawa.

Dila ma ruwa yake sayarwa, a garwa, amma ba mai zuwa sai ƙuda. Ya harari layin Bushiya, ya harari garwarsa. Ya sake hararar layin, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Ran nan ya je ya tsuguna ya ce, "Wayyo Inna! Randarki ba ta da lafiya. Dubi gumi! Ba ni ita in kai ta magani."

Bushiya ta gane sarai. Da ma tana da wata a ɗaka, sai ta ce, "Ɗauka, ɗan nan. Allah ya ba ta lafiya."

Dila ya kinkimi randa yana murna. Ya cika ta, ya ga tana tsatsafa. Ya ce, "Af! Ruwan da zan sayar ne ke tsiyayewa a banza?" Ya samo ƙaro ya shafe ta ciki da waje, ko ɗigo ba ya fita. Wawan bai san gumin nan shi ke sanyaya ruwa ba. Kuma don mutanen Bushiya su gani, ya girke ta tsakiyar kasuwa, cikin rana tsaka.

"Ga sanyi! Ga sanyi!"

Sai ga Kura ta taho daga fadama, harshe a waje. Ta cika moɗa ta kafa kai. Ta furzar, ta cafki wuyan Dila.

"Ni za ka dafa wa hanji? Yau kai ne abincin rana!"

"Tsaya, Yaya Kura! Wa ya ce ki sha? Ai wannan ruwan wankan jego ne. Cewa nake, ga maganin sanyi!"

Kura ta sassauta. "Na jego?"

"Na jego, ba itace, ba hayaƙi."

"Alhamdu lillahi! Shekaranjiya 'yata ta haihu. Safe da yamma za ka kai mata, kwana arba'in. Ranar da ya huce, kai zan dafa."

Haka Dila ya tsira da wuyansa. Sai dai rana ba ta tafasa ruwan safe, dole ya shiga daji neman itace. Kwana arba'in yana hura wuta cikin bazara, gumi na zuba, ƙishirwa na cin sa. In ya kasa daurewa, sai ya sunkuyar da kai ya bi layin Bushiya.

Ita kuwa takan miƙa masa moɗa ta ce, "Sannu ɗan nan. Yaya mai jiki, randar tawa?"

Ƙurunƙus! Daga yau in kun ga randa na gumi, ku ƙyale ta, aiki take yi.