Wankin Ciwo Ƙarfe Huɗu da Rabi

"Wace hanya mai walda yake bi idan ya rufe shago?"

Akwai wata matar direba, mai kunyar gaske, ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai. Tana shanya a bayan ɗaki ta ji abokin ƙanin mijinta ya yi wannan tambaya ta taga. Ƙanin ya ce ta layin famfo, ƙarfe biyar.

Ta gane ramuwa suke shiryawa. Kwana uku ke nan da mai walda ya yanki ƙanin a hannu kan rigimar wurin ajiye babur. Mijinta kuwa ya yi tafiya, sai jibi.

A unguwar akwai wata tsohuwar nas da wani mai aski da shi ma ya taɓa riƙe wuƙar faɗa. Su a wurinsu faɗa cuta ce mai yaɗuwa, don haka duk wanda aka ji wa rauni sai sun bibiye shi, shi da abokansa. Samari na tsokanarsu da "'yan rigakafi".

Matar direban ta goya 'yarta ta nufi asibitin unguwa kamar za ta awo. Sai da nas ta tambaye ta sau uku kafin maganar ta fito.

Nas ta aika wa ƙanin cewa wankin ciwonsa ya koma ƙarfe huɗu da rabi. Ya zo yana ta duba agogo, wai yana da uzuri.

Ta ce, "Zauna, ɗana. Wannan na iya ɗinke shi. Wanda za ka je yi, ba ni da zarensa."

Shi kuma mai aski ya janyo abokin da sunan aski kyauta. Da ya aske rabin kai sai ya kashe inji, ya ce, "To jarumi, a haka za ka fita?" Ya nuna masa tabon cikinsa, suka yi ta magana har biyar ta wuce.

Bayan mako guda nas da mai aski suka zaunar da ƙanin da mai walda, mai walda ya ba da haƙuri a gaban kowa.

Da direban ya dawo, ya yi ta mamakin wanda ya tsegunta wa nas. Matarsa ta ci gaba da ninke kaya, ta ƙudurta ba mai ji daga bakinta.

Darasi: Faɗa yana da rigakafi. Idan ka ji ƙishin-ƙishin, kai wa masu iya tare shi tun jini bai zuba ba. Ku tura wa 'yan unguwarku.