Bututun da Aka Binne da Rantsuwa

An yi wani mutum mai aikin famfo a wani gari tsakanin Kiru da Ƙafin Maiyaki. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da 'ya'ya. Amma ku riƙe wannan, ya 'yan uwa: mutumin nan ya iya aikinsa. Ba rashin sani ne ya halaka shi ba.

Mutanen unguwarsu suka haɗa ƙarfi suka haƙa burtsatse, suka ɗora tanki da sola. Manoma suka kawo masara, makiyaya suka sayar da tumaki. Saura a ja ruwan zuwa masallaci da bakin kasuwa da cikin unguwa. Dattawa suka ce ga ɗan gida, me za a je nema a Kano? Aka damƙa masa aikin.

Sai ya je ya sayo bututu marar kauri, ya ce wa mutane mai kyau ne. Gam ɗin da ake haɗa bututun da shi kuwa, shafa-shafa ya yi. Don kuma ya rage wa kansa haƙa, ya bi da layin ta jikin shaddar kasuwa, wato ramin masai.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida. Kafin a mayar da ƙasa, sai a toshe bakunan bututun, a cika shi da ruwa, a kawo ɗan injin hannu a yi ta bugawa har ruwan ya matsu a ciki. A jikin injin akwai agogo mai allura. In allurar ta hau ta tsaya cak, aiki ya yi. In ta fara sauka, to akwai inda ke yoyo, kuma ba a binnewa sai an nemo wurin an gyara.

Da safe ya gwada shi kaɗai. Allura ta hau, ta zame. Ya sake bugawa, ta sake zamewa. Ya bi layin da ƙafa har ya ga inda ƙasa ta jiƙe, daidai gindin shaddar, ƙudaje na tashi. Me ya yi? Ya toshe hanci, ya tura ƙasa da takalminsa ya rufe wurin. Wani aiki na jiransa a Doguwa, ba zai tsaya yana tonon wari ba.

Bayan la'asar dattawa suka zo ganin gwaji, Malam Shitu shugaban aikin na gaba. Kafin su iso, mutumin ya murɗe makullin ruwa da ke kusa da injin. Wato ruwan da aka matsa bai wuce kamu ɗaya na bututu ba. Allura ta hau ta tsaya kamar an kafe ta da ƙusa.

Malam Shitu ya ce, "Ɗana, mu ba mu san wannan agogon ba, kai muka sani. Babu yoyo?"

Ya ce, "Wallahi Baba, ko ɗigo babu."

Aka ɗaga hannu aka yi masa addu'a. Aka binne.

Ya 'yan uwa, ƙofar da ruwa ke fita, ta nan wani abu ke shiga. Duk sa'ad da tanki ya ƙare, bututu ya zama fanko, sai ya zuƙi abin da ke kewaye da shi. Damina ta sauka, shadda ta cika ta tumbatsa. Me kuke zaton bututun ya zuƙa?

Mata suka fara cewa ruwan yana wari. Aka kira shi a waya, ya ce warin sabon bututu ne, zai daina. Wata ta ga ƙananan tsutsotsi suna motsi a gindin randarta, ya ce randar ce ba ta wanke ba. Da ruwan nan aka dama koko, aka jiƙa wa jarirai magani, aka wanke tumatir a kasuwa. Da shi masallata suka kurkure baki suka shaƙa a hanci, suka shiga sahu suna zaton suna da tsarki. Tir da wannan aiki! Shi kuwa in ya shigo gari, ruwan leda yake sha.

Sai amai da gudawa suka ɓarke. Ana ɗaukar mutane a acaɓa, wani a tsakiya ana riƙe da shi, ana gudu asibiti don ƙarin ruwa. Yara suka fi faɗuwa. Aka kai wasu makwanci.

Cikin unguwar akwai wata tsohuwa, Iya Turai, mahaifiyarsa. Tun ranar da aka buɗe famfo ta rufe rijiyar gidanta, tana gaya wa kowa, "Ruwan ɗana nake sha." Ya san tana sha. Ya sani sarai. Amma in ya ce mata ta daina, ai ya tona wa kansa asiri. Ya yi shiru, har ciwon ya kwantar da ita, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Aka ɗebo ruwa a famfo don yi mata wanka. Lubabatu, mai wankan gawar mata a unguwar, ta sa hannu a bokitin, ta kai hanci, ta juya ta tofar da yawu. Ta fito har ƙofar zaure, inda maza ke zaune tare da shi, ta ajiye bokitin a gabansu.

Ta ce, "Malam Shitu, ku shinshina. Wallahi ba zan zuba wa baiwar Allah wannan ƙazantar ba."

Gawa ta jira a ɗaki har matan makiyaya suka kawo ruwa a jarkoki daga rijiyar ruga.

Bayan jana'iza aka ɗauko wani mai aikin famfo daga Tudun Wada, Surajo, aka sake gwaji gaban jama'a, kowane makulli a buɗe. Ko hawa allurar ba ta iya yi ba. Aka miƙa wa mutumin nan shebur, aka ce shi zai tona. Ya shiga ramin har gwiwa cikin baƙin caɓi, mutane na ja da baya suna rufe hanci da hula. Ga mahaɗar bututun nan a buɗe, bakinta cike da najasa. Wani da ya binne ɗansa a ciwon nan ya tsaya a bakin ramin yana kallonsa.

Hukuma ta yi nata. Da ya fito daga gidan yari, babu mai miƙa masa hannu. In ya sa hannu a kwano, sai kowa ya janye nasa. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu a Bebeji. 'Yan uwansa suka hana shi shiga ɗakin uwarsu. Ya bar garin, kuma duk inda ya je da akwatin aikinsa, labarin ya riga shi isa.

Ya 'yan uwa, ba mai famfo kaɗai nake wa magana ba. Kai magini, kai bakanike, ke mai abincin sayarwa, kowannenku yana da wurin da wanda ake yi wa aikin ba ya gani. Ka iya rufe wa dattawa ido, ka iya sa allura ta yi ƙarya. Wanda ka rantse da sunanSa fa? Amana ita ce ka gyara abin da ka san za a binne. In ka ga aibi a aikinka, tsaya ka tone shi yau, ko da wari, ko da asara, ko da kunya.

Allah ka tsarkake hannayenmu da abin da muke ciyar da iyalanmu. Allah ka jiƙan waɗanda suka sha ba su sani ba. Allah ya kiyaye mu da cin amana, a fili da a ɓoye. Amin.