Gyaran Layi Ɗaya da Azumin Mutanen Zango

Akwai wani mai gyaran waya a unguwar Adum, sunansa Fataw. Shekara bakwai, ko takwas ne, lissafin ya kwance mini, yana riƙe da wata manhaja ta lokutan salla. Kyauta ce, a buɗe take, kowa na iya aiko da gyara. Amma sai Fataw ya duba ya amince gyaran ke shiga wayoyin mutane.

Al'adarsa, kowane gyara sai ya gwada shi da jadawalin shekara guda. Ba mai gode masa, ƙorafi kawai yake samu.

Cikin azumi wani Razak ya aiko da gyara. Ya ga manhajar tana cika sakannin magariba su zama minti, sai ya ce a riƙa zubar da su.

"Maigida, layi ɗaya ne fa a rubutun manhajar," in ji Razak a waya. "Kwana huɗu kana kallon shi. Ko sai mun kai maganar fadar sarki a Manhyia?"

"Bari in gwada tukuna."

"Gwada me? Ei, Fataw, ka tsufa!"

Ranar Fataw ya gaji, ga ƙishi, ga wayoyi jibge a tebur. Ya ma manta dalilin da ya sa ya rubuta layin haka. Ya amince ba tare da ya gwada ba.

Washegari da yamma wayoyin mutanen unguwar Zango suka yi kiran salla. Mutane suka kai dabino baki, aka kurɓi koko. Amma lasifikar masallaci shiru. Baba Sulemana ladan, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya kira sai ya hau bene ya duba da idonsa. Ya leƙo ya ce, "Jama'a, ga gefen rana can, ba ta gama faɗuwa ba!"

Saurin da wayoyin suka yi ko minti guda bai cika ba. Amma liman ya ce duk wanda ya ci, sai ya rama.

Fataw ya mayar da layin yadda yake. Ya kira Razak, wayar a kashe. Shi kaɗai ya bi masallatai yana neman gafara.

A ƙofar gida gwaggonsa Hajaratu, mai ciwon suga, ta ce, "Ɗana, da ƙyar na kai yamma jiya. Yanzu in sake?"

Bai iya ɗaga kai ba.

Darasi: Ba a raina gyara don ƙanƙantarsa. Mai aikowa wucewa yake yi, mai amincewa ke ɗaukar kayan. Ku tura wa duk wanda jama'a suka dogara da aikin hannunsa.