Mutumin Da Yake Auna Man Giya Da Sanyin Safiya

Akwai wani mutum, shi ne auta a gidansu, yana da wata farar mota mai canja giya da kanta, irin wadda ake kira otomatik. Yana ƙaunar motar nan ƙwarai. Kowace safiya, tun raɓa tana kan ciyawa, sai ya fito da bokiti da tsumma ya wanke ta, ya goge gilasanta har ya ga haƙoransa a ciki. Sa'an nan ya ɗaga bonet, ya zaro gejin baƙin mai ya duba, ya zaro na man giya shi ma ya duba. Inji a kashe, ƙarfe sanyi ƙalau. Kullum sai ya ga mai ya haura layi. Sai ya ce, "Madalla," ya sauke bonet a hankali kamar mai lulluɓe jariri.

Mahaifinsa tsoho ne, mai bishara ne da ya huta. An haife shi a wani ƙauye can a kan dutse, ya kuwa daɗe rabonsa da wurin. Yanar ido ta fara rufe masa gani, likita ya ce a shekarunsa ba za a taɓa su ba. Da rana yakan zauna a gindin mangwaron da ake ajiye motar, ya lumshe ido, ya tafi ƙauyen ba tare da ya tashi daga kujera ba. A can, in ji shi, gajimare yakan sauko da safe ya kwanta a kan rufin ɗakuna kamar farin rago. Gonakin acca suna kaɗawa har ƙarshen gani. Akwai wata ɗorawa, a gindinta akwai 'yar majami'ar da ya ɗora wa tubalin farko da hannunsa.

Wata rana ya ce, "Auta, ka kai ni in gani tun fitilar idon nan ba ta mutu ba."

Ɗan ya ce, "Baba, kafin damina ta sauka zan kai ka." Gama in ruwa ya sauka, rafin da ke gindin dutsen yakan cika ya yanke hanya har kaka.

To, a ikkilisiyarsu akwai wani bakanike mai suna Zakka. Shi ne mai babbar murya a ƙungiyar mawaƙa, ko gaisuwa zai yi sai ka ce daga cikin ganga yake magana. Ran wata Lahadi da aka tashi sujada, mutumin ya tada mota ya sa giya. Motar ta yi shiru kamar an yi mata tambaya mai wuya. Can sai ta yi gwaf, ta zabura.

Zakka ya leƙo ta taga. "Ɗan'uwa, motarka tana tunani kafin ta tashi. Yaushe rabonka da man giya?"

"Kullum ina dubawa. A cike yake."

"Da wane lokaci?"

"Da sassafe."

"Ooo'o," in ji Zakka, har sitiyari ya yi rawa. "Kowace mota da ƙa'idarta, amma irin taka ba a auna ta da sanyi. In ta kwana, man yakan gangaro ya taru a ƙasa, geji ya ce maka an cika. Zaga gari da ita ta yi zafi. Ka tsaya inda ƙasa take daidai, kada ka kashe inji. Ka taka birki, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka mayar fakin, sa'an nan ka zaro. Ka goga a farin tsumma. In ja ne kamar zoɓo, mun gode Allah. In ya yi duhu yana warin ƙanzo, kawo ta a juye tun ba ta kwanta ba."

Mutumin ya yi godiya. Da ya isa gida ya kumbura wuya, ya sauke haɓa a ƙirji, ya kwaikwayi muryar Zakka, ya ce wa matarsa Afiniki, "Ooo'o, zaga gari da itaaa," har ta ƙware da ruwa don dariya.

Ya dai gwada sau ɗaya. Ya dawo daga kasuwa, ya ɗaga bonet inji yana aiki. Zafi ya mare shi a fuska, fanka tana ruri, hannun farar rigarsa ya goga wani baƙin abu. Ya saki bonet ya ja da baya. Ya ce a ransa, wannan ai neman wahala ne. Kashegari ya koma wa safiyarsa mai sanyi, geji kuma ya ci gaba da faɗa masa abin da yake son ji.

Afiniki ce mai share gindin mangwaro. Wata safiya ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Baban Liyatu, motarka fa tana fitsarin kwance."

"Raɓa ce."

"Raɓa ja?"

"Ke dai yi shararki."

Ta yi shararta.

Da gizagizai suka fara taruwa a gabas, mutumin ya shimfiɗa wa mahaifinsa bargo a kujerar gaba, suka kama hanya. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa motar ta yi ta tafiya sumul kamar kwalekwale. Iska tana shigowa da ƙanshin ƙasar da ke jiran ruwa. Tsohon ya jingina kai, yana kiran sunayen duwatsun da yake gani dishi-dishi, yana gaishe su kamar abokan ƙuruciya. Suka ƙetare rafin, yashi ne kawai a cikinsa. Suka fara hawa.

A tsakiyar hawan sai inji ya ɗaga murya, wuuuun, amma tayoyi ba su amsa ba. Mutumin ya ƙara taka totur. Wuuuuun! Motar ta tsaya cik, ta fara tunanin komawa da baya. Wani ƙauri ya cika ta, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta. Ya ja birkin hannu, ya fita da sauri ya tokare tayoyi da duwatsu. Ya ɗaga bonet, wannan karo bai kula da riga ba. Ya zaro geji inji yana aiki. Ɗan bakinsa kawai ya jiƙe, abin da ya jiƙa shi kuwa baƙi ƙirin.

"Mun iso?" in ji tsohon.

"Saura kaɗan, Baba."

Tsohon ya kare ido da tafin hannu, ya ɗaga kai sama. Can ƙwanƙolin dutsen wani farin abu yana sheƙi.

"Auta, wancan rufin majami'a ne?"

Ɗan ya duba. Gajimare ne. Ya koma ya zauna kusa da shi. Ƙafafun tsohon ba za su hau dutse ba, bayansa kuma ba zai jure babur ba. Suna nan zaune ɗigon ruwan farko ya faɗo a kan gilashi. Wata motar itace da ke gangarowa ce ta ja su zuwa gari, suka ƙetare rafin ruwa ya fara lasar tayoyi.

Zakka ya kwance giyar, ya duba cikinta. Da ya yi magana, muryar nan tasa ta ganga ta yi ƙasa ƙwarai. "Fayafayan ciki sun ƙone, ɗan'uwa. Sabon mai ba zai tashe su ba. Lokacin da take jinkirin nan, 'yar roba ce kawai take yoyo."

A makon nan rafin ya cika.

Damina ta yi, ta wuce. An gyara motar, mutumin kuwa ya koyi tsayawa a gaban zafin inji da farin tsumma a hannu. Da kaka ta yi, ya sake shimfiɗa bargon. Motar ta hau dutsen ba ko tari. Amma fitilar idon tsohon ta riga ta mutu.

Ya riƙe hannun mahaifinsa ya kai shi gindin ɗorawa. Tsohon ya shafa jikin itacen, ya shafa bangon majami'a, ya shaƙi iska ya daɗe bai sake ta ba.

"Auta, faɗa mini abin da kake gani."

Ɗan ya faɗa masa. Ya ce acca ta nuna, ta yi ruwan zinariya har ƙarshen gani. Ya ce gajimare yana kwance a kan rufin ɗakuna.

Tsohon ya gyaɗa kai. "Na ji," ya ce. "Da dai na so in gani."

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Motar nan rayuwarmu ce. Wankin da ake yi mata kowace safiya shi ne abin da mutane suke gani, wato ɗinkin Lahadi da Littafi Mai Tsarki a hammata. Man giya kuwa shi ne abin da ke ɓoye can ciki, wanda yake sa addu'ar baki ta zama tafiyar ƙafa: haƙuri, da gafara, da ƙauna. In ya ƙare, inji zai yi ta ihu amma ba inda za a je.

Mutumin nan ba malalaci ba ne. Kullum yana dubawa. Lokacin dubawar ne ya zaɓa don kada ya ji zafi.

Mu ma haka muke. Yaushe muke auna zuciyarmu? Ran Lahadi da safe, an yi wanka, an sha kunu, fanka tana kaɗawa, mawaƙa suna rerawa. Sai mu zaro geji mu ga a cike. Mu juya ga ta kusa da mu, mu karkata kai, mu ce, "Salamar Ubangiji, 'yar'uwaaa," da muryar nan mai kama da zuma. To, a bi 'yar'uwar nan zuwa bakin famfo ran Talata, lokacin da wata ta ture mata bokiti daga layi. "Ke! Kin san ko ni wace ce?" Wannan shi ne geji da zafi. A bi dattijon da ya ja mu da doguwar addu'a zuwa gida, a ji yadda yake ce wa matarsa, "Ke dai yi shararki." Kada kowa ya waiwayi na kusa da shi, kowa ya dubi tsummansa.

Ubangiji ba ya barinmu ba gargaɗi. Yakan aiko mana da wanda zai ce, "Kana jinkiri wajen gafara kwanan nan." Yakan sa na cikin gidanmu su ga ɗigon da muke kira raɓa. A lokacin gyaran ƙarami ne: ka durƙusa, a juye tsohon fushin da ya yi baƙi, a zuba sabo, ka je ka ce wa wanda ka ɓata wa rai, "Yi haƙuri." In ka bari sai a tsakiyar hawa, Allah mai jinƙai ne, zai gyara ka. Amma ba kai kaɗai ne a cikin motar ba. Akwai wanda ke zaune a kujerar gaba ya dogara gare ka, shi kuwa ba lallai ne lokacinsa ya jira gyaranka ba.

Saboda haka a wannan mako, sa'ad da aka taka ka, jininka ya tafasa, kunnuwanka suka yi zafi, kada ka ce bari in huce tukuna in yi addu'a. Tsaya a nan inda kake, inji yana aiki. Ka ce, "Ya Uba, ga shi da zafinsa, duba mini launinsa." Sa'an nan ka buɗe ido ka dubi abin da ya fito.