Ƙwaryar da Barmo Bai Tsamo Ba

Ku gyara zama. Wannan ya faru tun ba a yi gada ba, lokacin da kogin nan yake da kwarjini, ba yanzu da akuya ke ƙetare shi ko gemunta bai jiƙe ba. A zamanin, masu fito, wato masu ƙetarar da mutane a kwalekwale, suna da ƙungiya mai rassa tun daga Tungar Kaɗe har Mashayar Gawo. Shugabanta Barmo yana zaune a tsakiya, mutum mai zaƙin baki, wanda rabonsa da tuƙi tun kafin tumbinsa ya fito.

Ranar taron shekara, da ya ƙoshi da naman rago, Barmo ya miƙe ya ce, "Daga yau wanda ya taɓa ɗayanmu ya taɓa mu duka! Reshen da aka ci wa mutunci ya ɗaura jan ƙyalle a ƙwarya, ya sako ta a ruwa. Duk reshen da ya gan ta ya ɗaure jiragensa. Ni kaɗai ke da ikon tsamo ta." Aka rantse, aka yi tafi, ya koma gida da sabuwar babbar riga, kyautar ƙungiya.

Damina na tsakiya, wani falke ya mari mai fito a Tungar Kaɗe. Jatau, shugaban reshen, bai ko aika wa Barmo ba, ya saki ƙwarya. Kafin hantsi ya dubi ludayi dattawa sun sasanta, falke ya raba goro, an koma aiki ana dariya. Ƙwarya kuwa ta yi gaba.

Ta zo wucewa ta ƙofar Barmo yana zaune a bakin gaɓa cikin rigar nan. Ya gan ta sarai. Ya dubi ruwa, ja wur da laka, ya dubi aikin wuyan rigarsa. Ya ce a ransa, "Ƙila suna da hujja." Ya kawar da kai.

A Mashayar Gawo, shugaban reshe Magaji na hango ta ya sa aka ɗaure jirage. Sai ga Tanimu maɗinki da gudu, mahaifinsa ya rasu a ƙetare, ana shirin jana'iza.

"Baba Magaji, don Allah ka ƙetarar da ni!"

"Ɗana, na rantse."

"Me aka yi muku?"

"Wallahi ban sani ba. Amma an yi."

Daga wannan gaɓa Tanimu ya hango an ɗauki makara, har ta ɓace bayan kukoki.

Ya kai ƙara. Hakimi ya ce mai laifi zai karya filafilin tuƙinsa a bainar jama'a, ya bar kogi har abada. Barmo ya tuna in babu kogi babu sarauta, babu rago.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, an mare mu, na bi doka. Ruwa ne ba ya komawa baya."

Magaji ya ce, "Ni rantsuwa na riƙe. Da na karya ta, gobe wa zai tsaya mini?"

Barmo ya gyara riga ya ce, "Ban saki ƙwarya ba, ban ɗaure jirgi ba. Rassa ne suka yi gaban kansu."

Tanimu ya ce, "Amma da aka raba rago, ai kai aka miƙa wa cinya."

Hakimi ya daɗe yana shafa gemu. Da Barmo bai kafa doka ba, ko kuwa da ya yarda rigarsa ta jiƙe, da ba a yi ba. Da Jatau ya yi haƙuri zuwa hantsi, da ba a yi ba. Da Magaji ya kwance igiya ɗaya tak, da Tanimu ya zuba wa mahaifinsa ƙasa.

To jama'a, ga filafilai uku a gabanku. Na wa za a karya?