Zanzaro a Rumfar Baban Rahila

Akwai wani mutum a wani ƙauye da ke gindin dutse, tsohon direba ne, mutanen unguwa suna ce masa Baban Rahila. Shekara talatin ya yi yana tuƙa waɗansu baƙi masu haƙa rijiyoyi. Da za su koma ƙasarsu, sai suka bar masa motarsu. Motar kuwa ba irin wadda muka saba gani ba ce. Ɗaki ne sukutum, da gado a ciki, da wurin dafa abinci. A gefenta akwai rumfar tamfol a naɗe jikin wani dogon bututun ƙarfe. In aka danna maɓalli, wani ɗan inji da ke bakin bututun sai ya juya, hannuwan ƙarfe biyu su miƙe, rumfa ta buɗe da kanta, ta yi inuwar da za ta ɗauki mutum goma sha biyar.

Ranar da ya fara buɗe ta a ƙofar gida, unguwa duk ta taru kallo. Kashegari ma aka dawo. Kafin mako ya zagayo wurin ya zama dandali, maza suna dara, mata suna ɓare gyaɗa, maƙwabciyarsa Laraba har kitso take yi wa mutane a nan.

Baban Rahila mutumin kirki ne, sai dai yana son kayansa fiye da kima. Sau biyu a rana yake goge motar nan, ko ba ta je ko'ina ba. Ɓawon gyaɗa ya fara damunsa. Wata rana kuma ya fito ya tarar an shanya jiƙaƙƙen zane a hannun rumfar. Sai ya shiga mota ya danna maɓalli. Mutane suna zaune, inuwa ta janye daga kansu, rana ta sauko musu.

Ya leƙo ta taga ya ce, “Ku yi haƙuri, batir ne ya yi sanyi.”

Kowa ya ɗauki kujerarsa ya tafi. Damina biyu ta wuce rumfar tana naɗe, shi kuwa yana murna wai tamfol ɗinsa yana nan sabo.

Ana nan sai mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, ta ce za ta karɓi baftisma. Ikilisiya ta yi farin ciki ƙwarai. Amma inda ake baftisma a bakin kogi rairayi ne fetal, babu itace ko ɗaya. Tsohuwar kuwa jiri take yi in ta daɗe a rana, har a asibiti an gargaɗe su a kan haka. In ba inuwa, ba za ta je ba.

Baban Rahila ya bugi ƙirji ya ce, “Inna, ki bar mini wannan. Ina amfanin rumfata?” Ya je ya faɗa wa Fasto haka nan, a gaban dattawa.

Ran Litinin, saura kwana shida a yi baftismar, ya ce bari ya gwada rumfar. Ya danna maɓalli. Injin ya yi gurnani, rumfa ba ta motsa ba. Ya sake dannawa, ya riƙe da ƙarfi, sai ga ɗan hayaƙi da warin waya. Injin ya ƙone.

Ya tafi birni, ya kwana uku yana bin shagunan masu kayan gyara, da ƙyar ya sami irin injin, guda ɗaya tak. Ran Jumma'a ya dawo ya kira Kefas bakanike, wani dattijo wanda ba ya gaggawa ko kaɗan.

Kefas ya kwance tsohon injin, ya shinshina shi, ya ce, “Wannan ba tsufa ne ya kashe shi ba, wahala ce. Kafin in ɗaura sabo, ja rumfar da hannu mu gani.”

“Kefas, lokaci ya ƙure. Ka ɗaura kawai.”

“Ka ja dai.”

Ya ja, ya ja har gumi ya keto masa, rumfar ko gezau. Kefas ya hau kan benci ya leƙa cikin hannuwan ƙarfen da bakin bututun, sai ya fashe da dariya.

Ya ce, “Baban Rahila, ashe kana da baƙi ba ka sani ba. Zanzaro ya kafa gari a nan, har da unguwanni.”

Gidajen laka ne jere, sun bushe sun yi tauri, sun cika duk inda ƙarfe zai motsa. Kefas ya ce in ya ɗaura sabon inji a haka, kafin a ce amin ya bi ɗan'uwansa, wani kuma babu. Dole a sauke bututun gaba ɗaya a kankare. Bututun kuwa dogo ne mai nauyi, sai mutum shida sun tallafe shi.

Baban Rahila ya dubi ƙofofin maƙwabta, kunya ta rufe shi. Amma da ya waiwaya ya hangi mahaifiyarsa a tsakar gida tana ninke farin zanen da za ta ɗaura ran Lahadi, sai ya sunkuyar da kai ya nufi gidan Laraba.

Bayan sun gaisa ya ce, “Laraba, na zo neman taimako, amma sai na faɗi gaskiya tukuna. Batir ɗin nan bai taɓa yin sanyi ba.”

Laraba ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, “Haba Baban Rahila, ai mun sani! Kullum muna jin rediyonka a cikin motar. Je ka, muna zuwa. Don Inna ko dutsen nan ne ma ɗaga.”

Ran Asabar da safe unguwa ta fito. Maza suka sauke bututun, mata suka zo da tsofaffin wuƙaƙe da cokula da tsinke. Ana kankara ana yi wa mai motar tsiya, shi ma yana dariya, har aka cika kwano biyu da laka. Kefas ya wanke wurin, ya shafa giris, ya sa aka ja rumfar da hannu ta tafi sumul. Sa'an nan ne ya ɗaura sabon injin, ya haɗa wayoyi, ya ce a danna. Rumfa ta buɗe a hankali, inuwa ta sauka a kan mutanen da aka kora. Laraba ta rangaɗa guɗa.

Kefas yana wanke hannu ya ce, “In ba ka so su dawo, ka riƙa buɗe ta kowace rana. Inda suka ga shiru ne suke gini.”

Ran Lahadi aka yi wa tsohuwa baftisma. Ta fito daga ruwa, aka zaunar da ita a inuwa tare da sauran tsofaffi, ana ta waƙa. Ta ɗaga kai ta dubi tamfol ɗin, ta ce, “Ashe haka rumfar nan take da faɗi? Shekara biyu rabona da inuwarta, ni da nake cikin gidan.”

Maganar ta soki ɗanta. Sai a lokacin ya gane cewa ranar da ya hana maƙwabta inuwa, har mahaifiyarsa ya hana. Ran Litinin da sassafe ya buɗe rumfar, ya ajiye kwando a gefe don ɓawon gyaɗa.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Rumfar ita ce alherin da Ubangiji ya ba kowannenmu kyauta domin waɗansu su huta a ƙarƙashinsa. Wani an ba shi hannu, wani ɗaki, wani kuwa kunnen sauraro. Zanzaro shi ne ƙananan fushi da ƙananan ƙarya. Ba ya kawo laka da ƙwarya, ɗan kaɗan yake kawowa, a wurin da aka rufe aka bari. Injin kuwa ƙwazonmu ne. Da yawa a cikinmu muna dawowa daga taron farkawa da sabon ƙwazo, kwana uku ya ƙone, mu ce Shaiɗan ne, alhali tsohuwar laka tana nan ba mu kankare ba. Akwai lakar da ba ta kankaruwa sai ka je wurin wanda ka ɓata wa ka faɗi gaskiya.

Ni kaina na taɓa ce wa wani batir ya yi sanyi, na kuwa san akwai irina a nan. Kada mu jira ranar da Inna za ta buƙaci inuwa. Wanda ka ce wa batir ya yi sanyi, tun tuni ya san ba gaskiya ba ne, kai kaɗai yake jira. Ka tafi wurinsa kafin Lahadi mai zuwa.